Rasuwar Goggo Gerda, Danjar da Ta Mutu Tana Nuna Kore

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki da kunya, Thorkild Bundgaard da sauran masu rubuta manhaja na hawa na uku, a benen nan da ke saman shagon gyaran kekuna a garin Randers, suna sanar da abokan aiki da duk wanda ya taɓa shan kofi a kicin ɗinsu rasuwar danjarsu, wadda kowa ya sani da Goggo Gerda. Ta rasu a inda ta rayu, a jikin bango, tsakanin allon rubutu da ƙofar kicin. Shekararta goma sha ɗaya tana aiki a ofishin, ban da waɗanda ta yi a bakin titi tana tsayar da motoci, da ba wanda ya san adadinsu.

Ranar rasuwar ce ke da wuyar faɗa. An gane ta mutu ranar Litinin ɗin nan, wajen ƙarfe goma da rabi na safe. Amma da aka bincika sai aka tarar rai ya yi halinsa tun makonni tara da suka wuce. Duk tsawon lokacin tana rataye da koren ƙwanta a kunne, ana wucewa ana ɗaga mata kofi, ana cewa Goggo tana cikin fara'a kwanan nan. Thorkild, wanda ya raine ta, shi ya nemi a rubuta yadda abin ya faru daga farko har ƙarshe, kada a rage komai, har da wuraren da ba su yi masa daɗi ba.

Wanda bai san gidan ba zai ce me danjar titi take yi a ofis. To, aikin gidan shi ne rubuta manhajar da ke tsara zagayen masu kula da tsofaffi a gidajensu: wa za ta je wurin wa, ƙarfe nawa, wane tsoho ke jiran magani, wace tsohuwa ke jiran a tashe ta daga gado. Duk sa'ad da wani ya taɓa wani abu a cikin manhajar, akwai injin gwaji da ke bin aikin yana dubawa ko an ɓata wani wuri. Abin da ya gani sai ya aika wa Goggo. In lafiya, ta nuna kore, mai aiki ya saki aikinsa ya tafi ga jama'a. In an yi ɓarna, ta nuna ja, kowa ya tsaya. Wanda kuma ya jawo jan, gobe zai zo da kek, kek ɗin wauta, a yanka a kicin ƙarfe biyu, a ci ana yi masa tsiya. Haka al'adar take, kuma ba a taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba.

A kasuwar tsofaffin kaya Thorkild ya tsinto ta, wata Asabar ana ruwa. Ya ɗora ta a akwatin gaban kekensa, ya lulluɓe ta da rigar ruwansa, shi ya jiƙe. Da hannunsa ya haɗa mata wayoyi. Ya sa mata sunan ƙanwar mahaifinsa, wata mata da ba ta da yawan magana, amma da ka shigo ɗaki ka dubi fuskarta ka san abin da ka aikata.

Marigayiyar ba ta da son kai. Ta nuna wa sabon shiga ja, ta nuna wa Vibeke Holst ja, ita da take shugabar gidan, har sau biyu a rana ɗaya, kuma Vibeke ta kawo kek biyu ba ta yi gardama ba. Ba ta da gulma. Ta kan ce an yi ɓarna, amma ba ta taɓa kiran sunan kowa ba, mai laifi ne ke ɗaga hannu da kansa. Ba ta taɓa neman hutu ba, ba ta taɓa kiran taro ba, abin da ba kowa za a yi wa shaidarsa ba a gidan. Magana kuwa biyu ce gare ta. Kafin ta canza launi sai ka ji ƙas, kamar an karya busasshen tsinke, nan take wuyan kowa ya juya. In jan ne, sai ta bi shi da wani ɗan kuka, ƙwaaƙ, kamar agwagwa mai mura. Mutum takwas a ɗakin, ba wanda gabansa bai taɓa faɗuwa da wannan kukan ba. Ƙwanta na tsakiya, mai ruwan ɗorawa, ya riga ta tafiya shekara huɗu da suka wuce. An ce za a sayo wani, ba a sayo ba.

Thorkild shi ne dattijon ɗakin, shekararsa sittin da biyu, kuma bakinsa ba ya rabo da nasiha. Kada ka saki aiki ranar Juma'a, sai in ba ka son iyalinka. Abin da ke aiki, ka gaishe shi daga nesa. In ka ce gyaran minti biyar ne, ka kira gida ka ce kada a jira ka. Asger Vestergaard, dogon nan mai jan gemu da ya fi kowa sayen kek, har ana ce masa sarkin ja, ya kan ce in Thorkild ya yi ritaya za a buga maganganunsa a jikin tawul ɗin kicin, a riƙa goge kofi da su.

Watanni uku da suka wuce aka ɗauki Solvej Krogh aiki, a kan gwaji, in ta yi wata uku lafiya a tabbatar da ita. Shekararta arba'in da huɗu. Ta yi shekara goma sha takwas tana wannan zagayen da kanta, gida gida a kan keke, tana ɗaga tsofaffi tana kwantar da su, har bayanta ya ce ya gaji. Ta koma makaranta shekara biyu ta koyi rubuta manhaja, tana zama aji ɗaya da sa'o'in 'yarta. Ranar da ta fara, Thorkild ya kai ta gaban Goggo ya gabatar da su.

"Dokar gidan ba ta da yawa," ya ce mata. "Kada ki wanke kofin Asger, akwai abin da yake kiwo a ciki. Sannan in Goggo ta yi kore, ki saki aikinki hankali kwance. Mu muna ƙarya, ita ba ta yi."

"In ta yi ja fa?"

"Sai ki koyi toya kek. Ko ki tambayi Asger shagon da yake saye, suna ba shi kujera."

Yanzu sai batun jinya. Ciwon ya shige ta shekara bakwai da suka wuce, kuma ba daga iska ya zo ba. A wani hunturu intanet ɗin benen ya riƙa yankewa. Duk sanda Goggo ta nemi labari daga injin gwaji ba ta ji komai ba, sai ta yi ja ta yi kukanta, ko da ba wanda ya ɓata komai. Aka rasa mai laifi, sai aka ce ai mai danja shi ne mai laifi. Kek huɗu Thorkild ya kawo cikin wata ɗaya. A na huɗun Asger ya ce masa, da baki cike, "Tsoho, goggonka ta fara ruɗewa. Ko mu sa ta cikin jerin masu jiran magani?" Aka yi dariya, Thorkild ma ya yi, amma abin ya zauna masa. Da yammacin wata Juma'a, shi da ke hana kowa taɓa komai ranar Juma'a, ya buɗe cikin Goggo ya ƙara layi ɗaya: in ba ki ji labari ba, ki zauna a launin da kike. A saman layin ya rubuta wa kansa tuni, cewa na ɗan lokaci ne, za a gyara. Kukan banza ya tsaya, kowa ya ji daɗi, shi kuma ya manta.

Makonni tara da suka wuce aka yi wa injin gwaji ƙaura zuwa sabon wuri, da sabon adireshi. Thorkild ne ya yi ƙaurar. Ya rubuta jerin duk abin da ya kamata a sanar da shi sabon adireshin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sokewa da biro. Goggo ba ta cikin jerin. Ta ci gaba da ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa, ba mai amsawa, sai ta yi abin da aka koya mata. Kore aka bar ta, kore ta zauna.

Injin gwaji bai yi shiru ba, a yi masa adalci. Yana aika wasiƙa duk sanda ya ga ɓarna. Amma tun da daɗewa kowa ya karkatar da wasiƙunsa zuwa wani aljihu da ba a buɗewa, tunda ga Goggo a bango, wa zai tsaya karatu? Makonni suka yi ta wucewa ba kek. Vibeke ta yabi ɗakin a taron Litinin. Asger ya ce ya rage kilo biyu, matarsa har ta fara zargin ba shi da lafiya. Ba wanda ya ce, yaushe rabon da mu ji ƙas?

Ranar Laraba ta makon da ya gabaci makon jiya Solvej ta gama babban aikinta na farko. Gyara ne a kan ranar da mai zagaye ta bugo waya ta ce ba ta da lafiya, yadda za a raba tsofaffinta ga sauran. Ta ɗaga kai ta dubi bango, ta sake dubawa, sannan ta zo ta tsaya a bayan kujerar Thorkild.

"Na gama. In saki?"

Bai ɗago daga allonsa ba. "Me Goggo ta ce?"

"Kore."

"To me kike jira, ganga?"

Ta saki. A cikin aikin akwai kuskure ƙarami, irin wanda kowa a ɗakin ya taɓa yi: in an raba jerin, sunan ƙarshe yana faɗuwa ƙasa. Injin gwaji ya gani nan take, domin akwai wani tsohon gwaji da ke ƙirga tsofaffi kafin rabo da bayan rabo, Thorkild ɗin ne ma ya rubuta shi. Ya aika wasiƙarsa, ta shiga aljihu.

Kashegari sunaye goma sha ɗaya suka faɗi. Goma daga ciki masu zagaye suka tsince su da ka, domin sun san mutanensu, suka ce yau ina wane? Na sha ɗayan shi ne Ejvind Dalsgaard, mai shekara tamanin da shida, da ke zaune shi kaɗai a wani ƙauye bayan gari. Wadda aka ba unguwarsa ranar sabuwa ce, abin da wayarta ta nuna mata shi ta bi. Da safen ya miƙa hannu zai ɗauko butar shayi, ƙafarsa ta zame, ƙugunsa ya karye. Zuwan ƙarfe takwas bai zo ba. Zuwan ƙarfe biyar bai zo ba. Yana kwance a daɓen kicin har hantsin Juma'a, da maƙwabciyarsa ta ga jarida biyu a bakin ƙofa ta leƙa ta taga. Yana da rai. Yana asibiti, kuma likitoci ba su ce zai koma gidansa ba.

Ranar Litinin da ta biyo baya Solvej ta zo da kek. Ta ajiye a kicin da wuƙa a gefe. Ƙarfe biyu ta yi, ba wanda ya tashi. Har aka tashi aiki yana nan yadda ta ajiye shi, ita ta mayar da shi cikin kwali. Ita kaɗai ce a ɗakin ta san sanyin daɓen kicin a wannan watan, ta sha durƙusawa a kansa tana riƙe da kan wani.

Vibeke ta buɗe bayanan injin gwaji na ranar Larabar kaɗai, ta ga ja ƙarara. Ta kira Solvej, ƙofa a buɗe, kowa na ji.

"Gwaji ya faɗi, Solvej. Ga shi a rubuce. Kin saki a kan ja."

"Kore na gani."

"Ƙila kin duba kafin ta canza."

"Sau biyu na duba. Kore na gani."

Tsakanin danjar da ta shekara goma sha ɗaya ba ta yi ƙarya ba da ma'aikaciyar da ba ta cika wata uku ba, ɗakin bai sha wahalar zaɓe ba. Ba wanda ya ce mata maƙaryaciya. Sai dai aka riƙa yi mata magana a hankali, ana riƙe mata ƙofa, irin kirkin da ake yi wa mai shirin tafiya. Vibeke ta sa taro ranar Alhamis ta wannan makon, ƙarfe goma, kwana ɗaya kafin wa'adin gwajin Solvej ya cika. Kowa ya san abin da irin wannan taron ke haifarwa.

Thorkild kuwa ya zauna a kujerarsa. Ya gaya wa kansa ai bai ɗaga kai ba ranar, bai ga launin ba, me zai shaida? Amma mako guda baƙin burodinsa na rana bai yi masa daɗi ba. Ya kan tsinci kansa yana kallon bango, koren na kallonsa. Goggon gaske, ƙanwar mahaifinsa, ranar da ta fi sakin fuska ita ce ranar da aka kwantar da ita a akwati, har mutane suna cewa kamar barci take. Wannan tunanin ya zo masa ranar Litinin ɗin nan da safe, yana ɗaure kekensa a ƙasa, kuma bai sake shi ba har ya hau bene uku.

Wajen ƙarfe goma ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara talatin da biyar na aiki. Ya ɓata wani wuri da gangan, ɓarnar da ko makaho zai gani, ya aika wa injin gwaji, ya jingina da kujera yana jiran ƙas. Minti biyar. Minti goma. Kofinsa ya huce. Goggo na nan da fara'arta. Ya buɗe cikinta, ya gangara, sai ga layin, da sunansa, da kwanan wata, da alkawarin cewa na ɗan lokaci ne. Ya buɗe aljihun wasiƙun nan, ya ƙirga ja goma sha bakwai cikin makonni tara. Shida na Asger ne, uku nasa ne. Na Solvej ɗaya ne tak. Sauran sun wuce ne kawai don ba su faɗa kan kowa ba.

Asger, da teburinsa ke manne da nasa, ya leƙo ya karanta allon. Sannan ya jawo kujera, ya rage murya.

"Adireshi ne kawai, tsoho. Ka ba ta sabon, ka share layin, ta farfaɗo. Kafin abincin rana ta yi mini ja, in sayo kek, shi ke nan."

"Solvej fa?"

"Kuskuren ai nata ne, ba ƙage aka yi mata ba. Za ta samu wani wurin." Ya shafa gemunsa. "Ka ji dai ana raɗe-raɗin rage kujeru bayan sabuwar shekara. Sittin da biyu fa. Wa zai ɗauke ka, gidan tarihi?"

Ba da mugunta ya faɗa ba. Shekararsu tara suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kuma Asger ne ya riƙa kai masa miya gida lokacin da matarsa ta rasu. Thorkild ya rubuta sabon adireshin, harafi harafi. Ya ɗora yatsa a kan maɓalli. Daga inda yake yana hango bayan Solvej, ta sa matashin nan nata a kujera saboda ciwon baya, tana karanta aikinta layi layi, karo na nawa ba a sani ba. Ya janye yatsan, ya goge abin da ya rubuta.

A kicin ya same ta, tana ɗauraye cokali. Ya faɗa mata duka, a tsaye, tun daga kek huɗun nan. Da ya gama ta rufe famfo, ta goge hannunta a hankali.

"Mako guda cur ina tuhumar idona," ta ce. "Har awon ido na je ranar Asabar."

"Ki yi haƙuri."

"Ka tambaye ni me Goggo ta ce, Thorkild. Ka ji amsata tun kafin a san za a yi ɓarna. Vibeke na tambayata, kana zaune."

"Ina zaune."

"Layin ban riƙe ka da shi ba, kowa na yi. Zaman ne." Ta rataye tawul. "A aikina na da, in muka buga wa tsoho waya bai ɗauka ba, ba ma rubuta cewa yana lafiya. Keke muke hawa."

Daga nan ya wuce ofishin Vibeke, ya ja ƙofa, amma ta ce ya bar ta a buɗe, tunda a buɗe aka yi na farko. Ta saurare shi, ta karanta wasiƙu goma sha bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta cire tabaranta ta ajiye.

"Sai na kira hukumar kula da tsofaffi na sake ba su labari," ta ce. "Na gaya musu sabuwar ma'aikaciya ce ta tsallake gwaji. Yanzu zan ce musu mako tara muna saki ido rufe. Za su tambaye ni wa ke kula da danjar."

"Ki faɗa musu."

"Taron Alhamis yana nan, ƙarfe goma. Sunan da ke kai ne zan canza."

Ranar Talata aka tabbatar da Solvej a aikinta. Vibeke ta fito tsakiyar ɗaki ta ba ta haƙuri a gaban kowa, a taƙaice, yadda take yin komai. An yi shawarar ko a farfaɗo da Goggo, tunda adireshi ne kawai. Thorkild ne ya ce a'a. Ya ce abin da zai iya mutuwa mako tara yana murmushi, bai kamata a sake rataya ran kowa a wuyansa ba. An ba Solvej aikin rubuta wanda zai gaji Goggo, kuma ta riga ta faɗi dokarsa ta farko: in ya yi minti goma bai ji labari ba, ya yi ihu, ko da kek ɗin wa zai jawo.

Marigayiyar ta bar jan ƙwanta, wanda aka gwada aka same shi lafiya ƙalau, ba abin da ya same shi illa an daina tambayarsa. Ta bar doguwar wayar da ke bi ta bayan firiji, da wata 'yar shuka mai ƙaya da ta girma a ƙarƙashinta tana shan ɗuminta, ba a san wanda zai ɗauki riƙonta ba. Ta bar wuƙar yanka kek, wadda ta dushe saboda rashin aiki. Ta bar mutum takwas da suka manta yadda ake buɗe wasiƙa. Ta kuma bar layi ɗaya na ɗan lokaci, mai shekara bakwai, wanda za a binne tare da ita.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis, ƙarfe tara na safe, a gaban bangon. Thorkild zai karanta layin da babbar murya, da sunan da ke kansa da kwanan watan, sannan ya zare wayar daga soket da hannunsa. Mutum biyu za su sauko da ita ta matakala, domin lif ɗin ya sake tsayawa. Za a kwantar da ita a akwatin keken da ya kawo ta, a lulluɓe ta da rigar ruwan nan, a kai ta wurin tara tsofaffin kayan lantarki da ke bakin gari. Asger ne zai tuƙa. Thorkild ba zai raka ta makwancinta ba, yana da taro ƙarfe goma. Ya roƙi a cire masa jan ƙwan kafin a tafi da ita. Zai ajiye shi a teburinsa ko kuma a gida, ya danganta da abin da ƙarfe goma ta haifar.

Akwai kek a kicin ƙarfe biyu, mai kwakwa da sukari a sama. Thorkild ne zai toya da kansa, na farko cikin shekara bakwai, kuma ya ce ko yana nan ko ba ya nan a yanka. Ba a buƙatar furanni. Wanda ya riga ya saya ya ba Solvej, tana zuwa asibiti bayan an tashi, kamar yadda take yi tun makon jiya. Thorkild ya tambaye ta ko zai iya binta. Ta ce za ta tambayi Ejvind.

Kafin ranar, gawar tana nan a bango, ba a taɓa ta ba, don masu son yin ban kwana. Ana roƙon duk wanda ya wuce ta wurin da aiki a hannunsa ya daure ya buɗe wasiƙunsa. Har yanzu kore take nunawa. Kada a yarda.